"Wannan Fa da Gaske Ya Faru": Tankaɗe da Rairayar Jita-jitar Fina-finan Ban Tsoro

A shagon da nake kai waya a tura mini fina-finai akwai wani yaro mai zaƙin baki. Duk ranar da zai cusa mini fim ɗin ban tsoro, maganarsa ɗaya ce: "Yallaɓai, wannan fa da gaske ya faru." In ya ga na yamutsa fuska sai ya ƙara gishiri, wai waɗanda suka fito a ciki ma duk sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa kiransa maƙaryaci ba, don shi ma haka aka faɗa masa. Abin da bai sani ba shi ne, da yawa daga cikin labaran nan masu fim ɗin ne da kansu suka shuka su don a yi ciniki, suka yi ta yawo shekara da shekaru har suka iso bakinsa.

Kada a fahimce ni a baibai. Zancen akwai aljanu ko babu fage ne na malamai, ba shi ya kawo ni ba. Tambayata ƙarama ce: tsakanin abin da mai fim ya rubuta a jikin fosta da abin da ake yaɗawa kan 'yan wasansa, wanne ya tabbata, wanne ne shaci-faɗi?

Mu fara da kakan fina-finan da ni nake kira na sara-suka, wato waɗanda wani makashi mai rufaffiyar fuska ke bin matasa yana yankawa. The Texas Chain Saw Massacre, wanda Tobe Hooper ya fitar a 1974, yana buɗewa da muryar mai ba da labari kamar ana karanta rahoton abin da ya auku. Ba a taɓa yin wannan kisa a jihar Texas ba. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Akwai wani mutum, Ed Gein, a ƙauyen Plainfield na jihar Wisconsin, can arewacin Amurka, da aka kama a 1957. Ya amsa cewa ya kashe mata biyu, kuma yana tone kaburbura yana yin kayan ɗaki da abin rufe fuska da fatar gawa. Tonon kabarin da fatar nan su Hooper ya ara. Gein shi kaɗai yake zaune, ba shi da dangi masu cin naman mutane, bai yi kisa da injin yankan katako ba, kuma a asibitin masu taɓin hankali ya mutu a 1984. Daga labarinsa ne kuma aka samo Psycho na Alfred Hitchcock a 1960, fim ɗin da jinin da ke malala a banɗakinsa ruwan cakulan ne, tunda hoton fari da baƙi ne.

Wani abin mamaki: mutane na rantsuwa cewa fim ɗin Hooper jini ne male-male daga farko har ƙarshe. Ka sake kallo da idon basira. Jinin kaɗan ne, kuma mutum ɗaya tak aka kashe da injin da aka sa wa fim ɗin sunansa. Ƙarar injin da ihun yarinyar da makashin ke bi ne ke sa ƙwaƙwalwarka ta zana abin da kyamara ba ta nuna ba. A wurina wannan ita ce gwaninta, kuma da ita nake auna kowane fim na wannan layi. Wanda ya kasa tsorata ka sai ya kwarara maka jini bokiti-bokiti, ƙyama ya sa ka.

Sai batun la'ana, wanda yaron shago ya fi so. The Exorcist na 1973 shi ne kan gaba. Gaskiya ne gobara ta ci ginin da aka shirya don ɗaukar fim ɗin a New York har aiki ya tsaya makonni. Gaskiya ne 'yan wasa biyu sun rasu kafin a fitar da shi: Jack MacGowran, wanda mura mai tsanani ta yi ajalinsa, da Vasiliki Maliaros, tsohuwa mai shekara 89. Gaskiya ne kuma an yi ta suma da amai a gidajen silima. To amma "duk sun mutu" fa? Max von Sydow, wanda ya fito a matsayin tsohon limamin coci, ya kai 2020, ya mutu yana da shekara 90. Darakta William Friedkin ya mutu a 2023 yana da 87. Ellen Burstyn, uwar yarinyar, ta sake fitowa a ci gaban fim ɗin a 2023 tana da shekara 90, ita ma Linda Blair, yarinyar da aka ce aljani ya shiga, ta leƙo a ciki. In la'ana ce, to mai jan rai ce.

Wahalar da ta tabbata a wurin ɗaukar fim ɗin daga hannun mutum ta zo. An fizgi Burstyn da igiya da ƙarfin da ya ji mata ciwo a baya, kuma ihun da ta yi na zafin gaske shi aka bari a fim. Friedkin kan harba bindiga ba zato don ya razana 'yan wasa. Ɗakin yarinyar kuwa sanyaya shi aka yi kamar firji don tururin numfashi ya fito a hoto. Muryar aljanin ma ta wata 'yar wasa ce, Mercedes McCambridge.

Poltergeist na 1982 ya fi taɓa zuciya, domin a mutuwar da ake lissafawa har da ta ƙaramar yarinya. Dominique Dunne tsohon saurayinta ne ya shaƙe ta a shekarar da fim ya fito. Heather O'Rourke ta rasu a 1988 tana da shekara 12 sakamakon toshewar hanji. Julian Beck, na kashi na biyu, da sankarar cikinsa ya karɓi aikin. Kowace mutuwa da sanadinta a rubuce. Abin da ya fi kama da ƙarya a labarin fim ɗin shi ne ya zama gaskiya: ƙwarangwal ɗin da suka taso a ramin ruwa na mutanen gaske ne, domin a lokacin sayensu ya fi araha a kan ƙera na roba.

Akwai kuma masu cewa an kashe mutane da gaske a gaban kyamara. A 1999 masu The Blair Witch Project suka baza a intanet cewa ɗalibai uku sun ɓace a dajin jihar Maryland, wai kaset ɗinsu kawai aka tsinta. Har takardun cigiya aka raba. Ɗaliban 'yan wasa ne, mayyar da aka sa wa fim ɗin sunanta ma ƙirƙirarta aka yi, fim ɗin da aka ɗauka da kuɗi ƙalilan ya tara kusan dala miliyan 250. Kafin su, Ruggero Deodato na Italiya ya yi irin wannan dabara a Cannibal Holocaust na 1980, ya sa 'yan wasansa suka ɓoye na shekara guda. Dabarar ta juye masa, hukuma ta ƙwace fim ɗin, sai da aka ga 'yan wasan da ransu zargin kisa ya mutu. Dabbobin da aka yanka a ciki kuwa, har da wani ƙaton kunkuru, da gaske aka kashe su, kuma wannan kaɗai ya ishe ni dalilin ƙin ba kowa shawarar kallonsa.

Mu ma a nan gida mun san irin wannan ruɗani. Tun Living in Bondage na 1992 wasu ke kallon Kanayo O. Kanayo a matsayin matsafi na gaske, alhali mutumin har lauya ya zama a 2020.

Shin kallon yana illa ga jiki? Bugun zuciya na ƙaruwa, wannan kowa ya shaida. A 2015 masu bincike a Leiden ta ƙasar Holan suka gwada mutum 24 masu ƙoshin lafiya, suka ga wani sinadarin da ke taimaka wa jini daskarewa ya ƙaru bayan kallon fim ɗin ban tsoro, amma ba su ga jinin ya yi gudaji ba. Mai ciwon zuciya dai ya yi hattara, yara ƙanana kuma a raba su da shi, don firgitar dare ba jita-jita ba ce. Wes Craven ya ce ya samo A Nightmare on Elm Street na 1984 ne daga rahotannin jarida kan wasu 'yan gudun hijira daga kudu maso gabashin Asiya da ke mutuwa cikin barci. Mutuwar ta faru, likitoci sun fi danganta ta da matsalar bugun zuciya, dodon mai farata kuwa na Craven ne. Wanda dannau ya taɓa dannewa ba sai an yi masa bayanin me ya sa fim ɗin ya kama mutane ba. Zancen cewa fim na mayar da yaro makashi ya yi ƙarfi a Ingila a 1993, lokacin da yara biyu 'yan shekara 10 suka kashe wani ɗan shekara 2, jaridu suka ɗora laifin kan Child's Play 3. 'Yan sandan da suka yi binciken sun ce ba su sami shaidar yaran sun kalle shi ba.

Ga wata magana da masu ganin sun ƙware ke yi: duk fim ɗin da aka sake ɗauka ya lalace. Ba haka ba ne. The Thing na John Carpenter, 1982, wanda yau ake sa shi a sahun gaba, sabon zubi ne na wani fim na 1951, kuma da ya fito masu sharhi kaca-kaca suka yi masa, kasuwa ma ta ƙi. The Fly na 1986 ya shafe na 1958 a zukatan mutane. The Ring na 2002 daga Ringu na Japan na 1998 aka ɗauko shi, ya kuma tsaya da ƙafarsa. Inda maganar ke da ƙamshin gaskiya shi ne irin Psycho na 1998, da Gus Van Sant ya kwaikwaya kusan hoto bayan hoto, ya sa masa launi, aka rasa me ya ƙara. Tambayar da nake yi wa sabon ɗauka ita ce: me ka zo da shi da na farko bai iya ba?

Abin da sabon ɗauka ba ya mantawa shi ne tsohuwar ƙarya. Texas Chainsaw na 2003 ya buɗe da hoton 'yan sanda na bogi. The Amityville Horror na 2005 ya sake ɗaga tutar labarin gaskiya kamar na 1979. Ga abin da ya tabbata: a Nuwamban 1974 Ronald DeFeo ya harbe iyayensa da 'yan uwansa huɗu a gidansu da ke Amityville a jihar New York, ya mutu yana zaman ɗauri a 2021. Iyalan George Lutz suka sayi gidan a ƙarshen 1975, suka fice bayan kwana 28 suna cewa ana tsorata su, kuma har mutuwarsa Lutz bai janye ba. Amma a 1979 lauyan DeFeo, William Weber, ya fito ya ce shi da su suka tsara labarin suna shan giya. Iyalin da suka sayi gidan bayansu sun zauna kimanin shekara 10 a ciki. Abin da ya hana su barci shi ne 'yan kallo da ke cika musu ƙofar gida dare da rana.