Alƙahira: Garuruwa da Yawa a Cikin Gari Guda

Alƙahira, babban birnin Masar, tana bakin kogin Nilu ne, dab da inda kogin yake rarrabuwa kafin ya faɗa Bahar Rum. Ita da garuruwan da suka manne mata suna ɗauke da mutum fiye da miliyan 20. Kusan duk daular da ta karɓi mulki sai ta bar wa talakawa tsohon gari ta gina nata sabo a gefe, galibi ta arewa. Dalilin ke nan da unguwanninta ba sa kama da juna.

Tushen yana kudu, inda ake kira Tsohuwar Masar. A nan Rumawa suka yi ganuwar Babila, wadda Kiristoci Kibɗawa suka ɗora cocinsu mai suna Mu'allaƙa a kan ƙofarta. Kusa da nan ne Amru ɗan Asi ya kafa garin Fusɗaɗ a 641, ya kuma gina masallacin farko a Masar. An sha rushe shi ana faɗaɗawa har babu abin da ya rage na ginin asali. Wanda ya tsira da kamanninsa shi ne masallacin Ahmad ɗan Ɗulun, da aka gama a 879: jan bulo, farfajiya makekiya, da hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta daga waje.

Sunan Alƙahira kuwa Faɗimiyyawa ne suka zo da shi, lokacin da kwamandansu Jauhar ya kafa musu birnin sarauta a 969. A 970 aka soma ginin Azhar, wadda ɗalibai daga ƙasar Barno suka daɗe da samun nasu zauren kwana da karatu a cikinta. Ƙofofi uku na ganuwar birnin suna nan tsaye: Babul Futuh da Babun Nasr a arewa, Babu Zuwaila a kudu. Titin Mu'izz da ya haɗa arewa da kudu bai fi kilomita guda ba sosai, amma da wuya a sami inda gine-ginen Musulunci na da suka taru a wuri ɗaya kamarsa.

Da yawa daga cikinsu aikin Mamalik ne, bayin soja da suka yi mulki daga 1250 zuwa 1517. Sarkinsu kan haɗa hubbarensa da wani aikin lada a yi musu waƙafi. Ƙalawun ya haɗa nasa da makaranta da asibiti a 1285. Masallacin Sarki Hasan, wanda aka soma a 1356, an ware wa kowace mazhaba daga cikin huɗun nan sashenta na karatu. Ana gane hannunsu da jerin duwatsu fari da ja a bango, da ƙubbar dutse da aka sassaƙe da zane. Akwai kuma sabil: ƙasa ɗakin raba ruwan sha kyauta ta tagar ƙarfe, sama makarantar allo. Tsofaffin gidaje suna da mashrabiyya, taga ce mai turowa kan titi, an saƙa ta da ƙananan katakai ba ƙusa. Iska na shiga, rana ba ta dukan ɗaki, na ciki yana ganin na waje ba a ganinsa. A tsakiyar wannan yanki kasuwar Khanul Khalili take, da lungunanta na maƙeran tagulla da 'yan turare. Wanda bai iya ciniki ba, zai saya da tsada.

Daga gabas, kan tudu, ganuwar da Salahuddin ya soma a 1176 ce ke kallon gari. Nan ce fadar mulki kusan shekara 700. Masallacin mai mulkin Masar Muhammadu Ali da ke cikinta salon Turkawa ne, na ƙarni na 19.

Jikan Muhammadu Ali, Isma'il, shi ne ya sauko da mulki ƙasa daga tudun. Bayan ya ga Faris a 1867, ya shimfiɗa sabuwar unguwa tsakanin tsohon gari da kogi, mai faffaɗan tituna da shataletale da benaye irin na Turai. Ita ce Wusɗul Balad, inda dandalin Tahrir yake da tsohon gidan tarihi na 1902. Benayen da yawa sun sha jiki, domin tsohuwar dokar haya ta daskarar da kuɗin haya na tsawon shekaru, masu gida suka daina gyara. Masu hali suka koma Zamalik a tsibirin kogi, ko Misrul Jadida da wani attajirin Beljiyam, Baron Empain, ya kafa cikin hamada a 1905.

Sai dai fiye da rabin mutanen birnin ba a ɗaya daga cikin waɗannan suke ba. Suna unguwannin da Misirawa ke kira ashwa'iyyat, waɗanda aka gina kan gonaki ba da izini ba. Benaye ne na jan bulo ba shafe, rodi a tsaitsaye kan rufi yana jiran ranar da ɗa zai yi aure a ɗora masa nasa hawan. Wasu iyalai ma a maƙabartar Ƙarafa suke zaune, cikin ɗakunan da aka gina wa masu ziyarar kaburbura.

A ƙetaren kogi, Giza ta cika ta tumbatsa har gidaje sun kai gindin dalar Fir'auna Khufu, mai shekara kusan 4,500, inda aka buɗe babban gidan tarihi sabo a 2025. Cunkoso bai ragu ba duk da jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke aiki tun 1987, kuma tuni ma'aikatun gwamnati suka fara ƙaura zuwa sabon birnin mulki da ake ginawa kimanin kilomita 45 gabas da Alƙahira.