Ƙorafin Son Kai a Gidajen Rediyo da Talabijin na Gwamnati da Kuma Zaurukan Muhawarar 'Yan Takara

Kamar yadda jama'a suka sani, da wuya kakar zaɓe ta zo ta wuce a ƙasar nan ba tare da an ji 'yan siyasa da magoya bayansu suna kukan cewa gidajen rediyo da talabijin mallakar gwamnati sun karkata ga jam'iyya mai mulki ba. Wannan kuka ya shafi gidajen Gwamnatin Tarayya, wato NTA da Rediyon Tarayya, ya kuma shafi na jihohi, ciki har da irin namu. Ganin cewa da dukiyar al'umma ake tafiyar da waɗannan gidaje, haƙƙin al'umma ne a yi musu bayani a kan asalin ƙorafin, da abin da doka ta tanada, da kuma wuraren da gizo yake saƙa.

Ƙorafin ya girmi ƙasar kanta. A ranar 31 ga Maris, 1953, Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a Majalisar Wakilai a Legas, aka yi taƙaddama har wakilan jam'iyyar Action Group suka fice daga zauren. Gwamnan Najeriya na lokacin, John Macpherson, ya shiga gidan rediyon gwamnati ya soki jam'iyyar. Da Obafemi Awolowo ya nemi a ba shi fili ya mayar da martani, sai aka hana shi. Bayan tsarin mulki na 1954 ya ba wa yankuna ikon kafa nasu gidajen, Yankin Yamma ya buɗe talabijin a Ibadan a 1959, Yankin Gabas ya bi sahu a Inugu a 1960, Jihar Arewa kuma ta buɗe nata rediyo da talabijin a Kaduna a 1962. Idan aka lura, kowane yanki ya gina gidansa ne domin a ji muryar gwamnatinsa, kuma a kan wannan harsashi aka ɗora duk abin da ya biyo baya.

Gwamnatin soja ta haɗe gidajen talabijin a ƙarƙashin NTA a 1977, ta kuma kafa Rediyon Tarayya a 1978. Amma da aka koma mulkin farar hula a 1979, sai gwamnonin da ba sa cikin jam'iyyar NPN suka ga ba sa samun shiga yadda suke so, suka kama kafa nasu. Lateef Jakande ya buɗe talabijin na Jihar Legas, Muhammadu Abubakar Rimi kuma ya kafa CTV a Kano, gidan da yanzu ake kira ARTV domin tunawa da shi. Sai a 1992 aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa, wato NBC, aka kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Gidan Raypower ya fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio kuma a Kano a 2003.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 22 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa kafafen yaɗa labarai nauyin sa ido a kan gwamnati domin ta yi wa jama'a bayanin ayyukanta, kuma bai ware gidajen gwamnati daga wannan nauyi ba. Dokar Zaɓe ta 2022, a sashe na 95, ta haramta amfani da kayan gwamnati, har da kafafen yaɗa labarai, don fifita wata jam'iyya ko danne wata. Ta ce a raba fili daidai wa daida tsakanin jam'iyyu da 'yan takara, a kuma lokuta masu kama da juna, matuƙar sun biya kuɗin da aka ƙayyade. Ta yanka tarar naira miliyan 2 ga gidan da ya saɓa a karon farko da naira miliyan 5 idan ya maimaita, alhali dokar 2010 naira 500,000 da naira miliyan 1 ta yanka. Sashe na 96 kuma ya hana tallar siyasa a cikin sa'o'i 24 kafin ranar zaɓe.

Maganar lokuta masu kama da juna tana da muhimmanci ƙwarai. Minti goma bayan sallar isha'i, lokacin da magidanta suke zaune a ƙofar gida da rediyo a gefe, ba ɗaya yake da minti goma na ƙarfe biyun rana ba. Saboda haka ne kundin ƙa'idojin Hukumar NBC ya wajabta wa kowane gida ya ajiye littafin da ke nuna filin da aka ba kowace jam'iyya, da rana da lokaci, ya kuma ba wanda aka taɓa mutuncinsa damar mayar da martani.

To, idan doka ta fito fili haka, me ya sa kukan bai ƙare ba? Dalili na farko shi ne doka ta fi ƙarfi a kan filin da ake saya, amma son kai ya fi ɓuya a cikin labarai. Shugaban ƙasa ko gwamna mai neman tazarce mutum biyu ne a riga ɗaya: shugaba ne, kuma ɗan takara ne. Idan ya buɗe asibiti saura mako uku zaɓe, edita zai ce labari ne na aikin gwamnati, ɗan adawa kuma zai ce yaƙin neman zaɓe ne da ba a biya ko sisin kwabo ba. Kowannensu yana da ƙamshin gaskiya. A ganina, ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne a duba abin da ya fita daga bakin mai jawabi. Idan bayanin gadaje da magunguna ya yi, aikin gwamnati ne. Idan kuwa ya ɗaga hannun ɗan takara, aka yi ta kaɗa tutar jam'iyya, to taron siyasa ne, kuma a littafin siyasa ya kamata a rubuta mintocinsa.

Dalili na biyu shi ne tsarin mallaka da na kuɗi. Shugaban ƙasa ne yake naɗa shugabannin NTA da Rediyon Tarayya da ita kanta Hukumar NBC, gwamna kuma yake naɗa na gidajen jiha, albashin ma'aikata kuma daga baitulmali yake fitowa. Ba lallai ba ne sai wani ya bugo waya ya ba da umarni. Sau da yawa ma'aikaci da kansa yake auna abin da zai ɓata wa na sama rai ya kauce masa tun kafin a ce masa komai. Bugu da ƙari, kuɗin da ake ware wa gidajen ba ya isar su man janareta da gyaran na'urori, don haka suke sayar da fili ga duk mai iya biya. Nan ne sojojin baka suke samun kasuwa. Ƙaramar jam'iyyar da ba ta da uban gida mai kuɗi, ko ba a rufe mata ƙofa ba, farashin fili ya isa ya tsayar da ita a waje. Tawagar sa ido ta Tarayyar Turai, a rahotanninta na zaɓen 2015 da na 2019, ta bayyana cewa gidajen Gwamnatin Tarayya sun fifita shugaba mai ci, na jihohi kuma sun fifita gwamnoninsu. Abin lura a nan shi ne PDP ce take mulkin tarayya a lokacin zaɓe na farko, APC kuma a na biyu, amma sakamakon binciken bai sauya ba.

Ita ma hukumar da aka ɗora wa nauyin hukunci an taƙaita ikonta. A watan Mayun 2023, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar, ta soke tarar naira 500,000 da NBC ta ci gidaje 45 kowannensu a Maris na 2019, bisa hujjar cewa hukumar ba kotu ba ce, ba za ta zama mai ƙara kuma alƙali a lokaci guda ba.

Zauren muhawara

Muhawarar 'yan takara a talabijin an ƙirƙiro ta ne domin ta cike wannan giɓi, tunda a nan kowa tsaye yake a gaban agogo ɗaya. Dattawa ba su manta da wadda aka yi a NTA tsakanin M.K.O. Abiola da Bashir Usman Tofa gab da zaɓen 12 ga Yuni, 1993 ba. Sai dai tun daga 2011 zuwa yau, rigimar wanda zai shirya muhawarar ta fi ita kanta muhawarar ɗaukar hankali.

A ranar 18 ga Maris, 2011, tashar NN24 mai zaman kanta ta shirya zama a Abuja wanda Kadaria Ahmed ta jagoranta. Muhammadu Buhari da Nuhu Ribadu da Ibrahim Shekarau sun halarta, Shugaba Goodluck Jonathan bai je ba. Da aka zo wadda Ƙungiyar Shirya Muhawarar Zaɓe, NEDG, ta haɗa tare da Ƙungiyar Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa, BON, a ƙarshen watan, sai su ukun suka rama, Jonathan ya tsaya shi kaɗai yana amsa tambayoyi. A 2015 jam'iyyar APC ta ce Buhari ba zai halarci ta NEDG ba, tana zargin wasu daga cikin gidajen da ke cikin masu shiryawar da nuna masa ƙiyayya a fili. A ranar 19 ga Janairu, 2019, Buhari, wanda a lokacin shi ne a kan kujera, bai je ba. Atiku Abubakar ya isa wurin amma ya ƙi hawa dandamali saboda rashin abokin karawarsa, aka bar Oby Ezekwesili da Kingsley Moghalu da Fela Durotoye. A Nuwamban 2022 kuma Bola Tinubu bai halarci zaman da tashar Arise ta shirya ba, kwamitin yaƙin neman zaɓensa ma ya zargi tashar da son kai. Dokar Zaɓe ta 2022 ba ta tilasta wa kowa zuwa muhawara ba, kuma wanda yake ganin shi ne a gaba yakan ɗauka cewa babu abin da zai ƙaru da shi a can sai kasada.

Ba za a ce duk ƙorafin nan fakewa da guzuma ba ne. Akwai tambayoyi na gaskiya a ciki. A 2019 'yan takarar shugaban ƙasa 73 ne, biyar kawai aka gayyata, waɗanda aka bari kuma, ciki har da Omoyele Sowore, suka yi ta neman a faɗa musu ma'aunin da aka bi. Babu zauren da zai ɗauki mutum 73, wannan kowa ya yarda, amma da an wallafa sharuɗɗan tun kafin a fitar da sunaye, da bakin masu zargi bai yi tsawo haka ba. Haka nan wanda ya zaɓi masu yin tambayoyi, da wanda ya raba katin shiga ga 'yan kallo masu tafi da sowa, da wanda yake riƙe da agogo, duk suna iya karkatar da zama ba tare da an faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Mai gabatarwa na iya katse wannan sau biyar ya bar wancan ya yi ta zuba. Ko mai ɗaukar hoto yana da nasa hannun, idan ya riƙa nuna fuskar ɗan takara daidai lokacin da yake share gumi.

Amma kuma dole a faɗa wa masu sauraro tasu gaskiyar. A wani bincike da aka wallafa tun a 1985, masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun nuna wa ɓangarori biyu masu gaba da juna rahotannin talabijin iri ɗaya a kan rikicin Labanan, kowane ɓangare ya tashi yana cewa an zalunce shi. Mai son ɗan takara yakan ji tambaya mai zafi a matsayin cin fuska idan nasa aka yi wa, ya ji ta a matsayin aikin jarida idan abokin hamayya aka yi wa. Don haka yawan kuka shi kaɗai ba hujja ba ne. Mintoci da lokuta da irin tambayoyin da aka yi wa kowa su ne ake iya ƙirgawa.

Akwai kuma wani nau'in wariya da ba a cika ambatonsa ba, wato na harshe. Manyan muhawarorin ƙasa da Turanci ake yin su, saboda haka manomi ko matar aure da ba su yi boko ba sai dai su jira fassarar da magoya baya za su yi musu washegari, kowa da irin gishirin da zai ƙara. Muhawarar 'yan takarar gwamna da Sashen Hausa na BBC ya shirya a Kano a 2019 da 2023 ta nuna cewa ana iya yin wannan aiki da harshen da masu jefa ƙuri'a suke ji, kuma gidajen jihohi, da suka fi kowa kusanci da karkara, ba su da uzurin barin wannan fage ga baƙi.

Ga duk jam'iyya ko ɗan ƙasa da yake ganin an yi masa ba daidai ba, hanyar da ta fi amfani ita ce ya rubuta koke zuwa ga shugaban gidan da abin ya shafa, ya ambaci sunan shirin da rana da lokacin da aka watsa shi da kalaman da yake ƙorafi a kansu, ya nemi damar martani, sannan ya aika kwafi zuwa ofishin Hukumar NBC mafi kusa. Ana so a hanzarta yin haka, domin kwana 90 ne ƙa'ida ta wajabta wa gidajen su ajiye faifan shirye-shiryen da suka watsa.