Ƙarancin Barci da Hawan Jini

Idan mutum ya yi barci mai nauyi, bugun zuciyarsa yakan lafa, jijiyoyin jini su saki, awon jininsa ya sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Wannan saukar ta dare ita ce hutun da zuciya da ƙoda ke samu. Wanda ke kwanciya ƙarfe ɗaya ya tashi da asuba ya datse hutun nan. Jiki kuwa yakan ɗauki rashin barci tamkar barazana: sinadaran da ke ɗaga hankali su ƙaru, jijiyoyi su tsuke, zuciya ta ci gaba da aikin rana cikin dare. Kwana ɗaya ba komai ba ne. Shekara da shekaru ana haka ne ke zama ciwo.

A 2006 James Gangwisch na Jami'ar Columbia a Amurka da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya bi mutane 4,810. Masu shekara 32 zuwa 59 da barcinsu bai wuce awa biyar ba, haɗarin kamuwarsu da hawan jini ya ninka na masu samun awa bakwai zuwa takwas. A 2022 ma Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta saka barcin awa bakwai zuwa tara cikin ginshiƙan lafiyar zuciya.

Mai gadi da direban tirela da ma'aikaciyar jinya, su neman abinci ne ya hana su runtsawa. Mai raba dare a kan waya, yana kurɓar shayi da cin goro, ba shi da wannan uzurin.

Abin da aka fi yi wa sakaci, a ganina, shi ne minshari. Mukan ɗauke shi alamar barci ya yi daɗi, har a mayar da shi abin barkwanci. Alhali ga wasu, musamman masu ƙiba, maƙogwaro ne ke toshewa, numfashi ya ɗauke na daƙiƙa goma ko fiye, iskar da ke cikin jini ta ragu, mutum ya zabura bai sani ba, awon jini ya yi sama. Hakan na iya maimaituwa sau da dama cikin awa guda. Irin su ne za ka ga suna shan magani iri uku amma awon ya ƙi sauka ƙasa da 140/90, sai ciwon kai da safe da gyangyaɗi da rana. Mai minsharin ba ya jin kansa. Wanda ke kwana kusa da shi ne ya san lokacin da numfashin ke ɗaukewa, kuma bayaninsa likita ke buƙata.