Sa'a Ce Ko Gumi? Yadda Ƙaramar Ƙungiya Ke Ɗaukar Kofin Lig

 

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a gidajen kallon ƙwallo, tun daga Funtua har Bakori da Malumfashi. Duk lokacin da ƙaramar ƙungiya ta ɗauki kofin lig, sai mutane su rabu biyu. Wasu su ce, "Kai, sa'a ce kawai, rabo ne ya rantse." Wasu kuma su ce, "A'a, guminsu suka ci." A wannan fitowar mun ɗauko ƙungiyoyi biyu da suka ba mutane mamaki, ɗaya a nan gida Najeriya, ɗaya a Ingila, don mu auna maganar da lissafi maimakon ɗaga murya.

Yadda ake buga lig

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san yadda gasar take. A kakar wasannin da za mu yi magana a kansu, ƙungiyoyi 20 ne a babbar gasar Najeriya, 20 ne kuma a gasar Firimiya ta Ingila. Kowace ƙungiya tana haɗuwa da sauran 19 sau biyu, sau ɗaya a gidanta, sau ɗaya a gidansu. Wasa 38 ke nan. Wanda ya ci wasa yana samun maki 3, canjaras maki 1, wanda aka ci kuwa ya tashi a tutar babu. A ƙarshen kaka sai a tara maki, wanda ya fi yawa ya ɗauki kofi.

Mu ɗan yi lissafi. Wasa 38 sau minti 90 ya ba mu minti 3,420, wato awa 57 ana gudu a fili. Ku riƙe wannan adadin, za mu dawo kansa.

Gasar kofin ƙalubale daban take. A can idan aka ci ka sau ɗaya, ka fita. Shi ya sa ƙaramar ƙungiya ke iya yin abin mamaki da wasanni kaɗan. A 2013 Wigan ta ci Manchester City 1-0 ta ɗauki kofin FA na Ingila, amma a wannan kakar ce kuma ta faɗa gasar 'yan dagaji. A 2024 El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ɗauki kofin ƙalubale na Najeriya tana rukuni na biyu, bayan ta ci Abia Warriors 2-0. Ba mu ce ba su yi ƙoƙari ba. Amma cin wasa biyar ko shida da tara maki a wasa 38 ba ɗaya ba ne.

Plateau United, 2017

Plateau United ƙungiya ce ta garin Jos. Ta taɓa cin kofin ƙalubale a 1999, amma ba ta taɓa ɗaukar kofin lig ba. Ta yi shekaru a rukuni na biyu, sai a ƙarshen kakar 2015 ta samu hayewa babbar gasa. Idan ana lissafin waɗanda za su ci kofi a lokacin, sunayen da ake kira su ne Enyimba ta Aba, da Kano Pillars wadda ta ci a 2008, 2012, 2013 da 2014, da Enugu Rangers mai riƙe da kofin 2016.

A kakar 2017, wadda Katsina United ɗinmu ma ta buga, koci Kennedy Boboye ne ya ja ragamar Plateau. Sun yi ta kai-komo a saman tebur da MFM ta Legas har zuwa ranar ƙarshe. A ranar ce Plateau ta ci Enugu Rangers 2-0 a filin wasa na Rwang Pam da ke Jos, ta ɗauki kofin lig na farko a tarihinta, a kakarta ta biyu da dawowa.

Duk wanda ya san gasar Najeriya ya san wahalarta. Cin wasa a waje abu ne mai wuya, ga doguwar tafiya a mota. Ƙungiya za ta buga a Maiduguri, ta je Fatakwal ko Uyo, ta zo filin Muhammadu Dikko a Katsina. Wanda bai da juriya da 'yan wasan canji masu kyau, tun tsakiyar kaka zai gaji.

Leicester City, 2016

Labarin Leicester ya fi yin suna a duniya, kuma da yawanmu mun san ta ne saboda Ahmed Musa, haifaffen Jos, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, wanda ya koma can a 2016 bayan sun ci kofin. Daga baya Wilfred Ndidi da Kelechi Iheanacho suka je.

A kakar 2014/2015 Leicester ta daɗe a ƙarshen tebur. Da ƙyar ta tsira, bayan ta ci wasa 7 cikin 9 na ƙarshe, ta ƙare a ta 14. Da za a fara sabuwar kaka, kamfanonin caca na Ingila sun raina ta har suka ce wanda ya sa fam 1 a kan za ta ci kofi, za su biya shi fam 5,000.

Sai ga shi a ƙarƙashin koci Claudio Ranieri, ɗan Italiya, ta ci wasa 23, ta yi canjaras 12, sau 3 kawai aka ci ta. Arsenal ta ci ta sau biyu, Liverpool sau ɗaya. Ku lissafa da kanku: 23 sau 3 ya ba da 69, a ƙara 12, maki 81 ke nan. Arsenal da ta zo ta biyu tana da 71. Tazarar maki 10 ce.

Inda sa'a ta shigo

Masu cewa sa'a ce suna da hujja, kuma bai kamata mu ɓoye ta ba.

Na farko, manya sun yi barci. A kakar da Leicester ta ci, Chelsea mai riƙe da kofi ta rikice har ta kori Jose Mourinho a watan Disamba 2015, ta ƙare a ta 10. Manchester United ta zo ta 5, Liverpool ta 8. Haka a nan gida, Enugu Rangers da ta ci a 2016 ta yi rauni ƙwarai a 2017.

Na biyu, maki 81 ba kullum yake isa ba. Chelsea ta ci kofin da maki 93 a 2017, Manchester City da maki 100 a 2018. A 2019 kuwa Liverpool ta tara maki 97 amma ta zo ta biyu. Da a ɗaya daga cikin waɗannan shekaru Leicester ta samu 81 ɗinta, da ba ta ga kofi ba.

Na uku, manyan 'yan wasanta ba su ji raunin da ya kwantar da su na dogon lokaci ba, kuma ba ta buga gasar Turai a kakar, don haka tana samun hutu tsakanin wasanni.

Sannan akwai ƙananan sa'o'i da ke cikin kowane wasa: ƙwallo ta bugi turke ta shiga ko ta fito, alƙalin wasa ya ba da fenariti ko ya hana. Ba kocin da ke iya tsara waɗannan.

Inda sa'a ba ta kaiwa

To amma ga tambayar da muke so masu cewa sa'a ce su amsa. Barcin da manya suka yi, ai ba Leicester kaɗai ya buɗe wa ƙofa ba. Tottenham, West Ham, Southampton, Everton, duk sun ga ƙofar a buɗe. Me ya sa Leicester ce ta shiga? A Najeriya ma raunin Rangers ya amfani ƙungiyoyi 19, amma Plateau ce ta fi kowa tara maki.

Mu koma kan awa 57 ɗin nan. A wasa ɗaya, ƙwallon da ta bugi turke na iya yanke hukunci. A wasa 38 kuwa, yau turke zai taimake ka, gobe ya taimaki abokin karawarka. Yau a ba ka fenariti, jibi a ba da a kanka. Idan wasanni suka yi yawa, sa'a mai kyau da maras kyau suna cinye juna, abin da ya rage shi ne iyawa. Kuna iya gwadawa a lokacin tara: ku sa ɗan aji ɗaya da gwanin makaranta su buga fenariti sau ɗaya-ɗaya. Ƙaramin na iya ci, gwanin ya zubar. Ku maimaita sau 38 ku ƙirga, za ku ga bambanci.

Akwai kuma hanyar gane sa'a daga iyawa, wato a duba abin da mutanen suka yi daga baya. N'Golo Kante, wanda Leicester ta sayo daga Caen ta Faransa a 2015, ya koma Chelsea ya sake cin Firimiya a 2017, ya ci kofin duniya da Faransa a 2018. Riyad Mahrez ɗan Aljeriya, wanda aka sayo da kuɗi kaɗan daga Le Havre, ya koma Manchester City ya ci kofuna, ya kuma ci kofin Afirka a 2019. Jamie Vardy, wanda ya taɓa aiki a masana'anta yana buga wa ƙananan ƙungiyoyi, ya ci ƙwallo 24 a kakar, har ya ci a wasa 11 a jere. A 2020 shi ne ya fi kowa cin ƙwallo a Firimiya. Ashe dama gwanaye ne, masu neman 'yan wasa na Leicester ne suka riga kowa gane su.

A gida ma haka. Kennedy Boboye ya je Akwa United ta Uyo, ya ba ta kofin lig na farko a tarihinta a 2021. Mutum ɗaya, ƙungiyoyi biyu da ba su taɓa ci ba, kofi biyu. Wannan ya wuce a ce dace ne. Ita ma Plateau United ita ce a saman tebur lokacin da cutar korona ta tsayar da gasa a 2020, kuma ta zo ta biyu a 2022.

Wani zai ce, ai Leicester ta koma ta 12 a kakar da ta biyo, aka sallami Ranieri, daga baya ma ta faɗa rukuni na biyu a 2023. Gaskiya ne. Wannan ita ce matsalar ƙaramar ƙungiya: da ta yi suna, masu kuɗi za su saye mata 'yan wasa, abokan karawa kuma su daina raina ta. Rashin maimaitawa ba ya goge aikin da aka riga aka yi.

Mu tambayi manomi

Mu 'yan wannan yanki ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani, domin amsar tana gonakin iyayenmu. Manoma biyu ne, gonakinsu na maƙwabtaka. Ɗaya ya yi shara tun bazara, ya kai taki, ya tanadi irin masara mai kyau, ya yi huɗa, ya yi noman farko da maimai a kan lokaci. Ɗayan ya yi ta cewa sai gobe. Ruwan sama ɗaya ne zai sauka musu, kuma ba wanda ya sa hannu wajen saukar da shi. Idan damina ta yi kyau, wa zai kai buhuna da yawa kasuwar Dandume?

Haka kuma idan ruwa ya ɗauke da wuri, ko manomin kirki zai samu kaɗan, kamar Liverpool da makinta 97. Ba za mu ce malalaci ne ba. Lig kamar damina take: ruwa ba a hannunka yake ba, amma shiri a hannunka yake. Plateau da Leicester sun samu damina mai kyau, kuma ta same su sun gyara gona.

Abin da ya shafe mu

Wannan magana ba ta ƙwallo ba ce kaɗai. Akwai samarin da ke jin labarin fam 1 ya zama fam 5,000, sai su nufi shagon caca da kuɗin da aka aike su da shi ko na makaranta. Su tuna cewa labarin ya yi suna ne saboda ba a saba ganin irinsa ba. Mai caca yana jiran sa'ar wasa ɗaya ne, ba tare da ya zubar da gumi ko ɗigo ba, kuma addininmu ya hana.

Sannan ga jarrabawa. Idan aka kafe sakamako aka ga wanda ba a zata ba ya zo na ɗaya, sai ka ji ana cewa, "Sa'a ya yi." Wannan kalma tana cutar da mutum biyu. Tana rage wa mai ƙoƙari darajar wahalarsa, tana kuma ba malalaci uzurin ci gaba da barci. E, akwai sa'a a jarrabawa, tambaya na iya fitowa daga inda ka fi karantawa. Amma darussa sun fi goma, ga gwaji, ga aikin gida, ga zango uku a shekara. Wannan ma lig ce. Yayyenmu 'yan aji uku da ke shirin jarrabawar fita, ku lura da wannan. Malamanmu na Islamiyya sun koya mana cewa rabo daga Allah yake, kuma tawakkali ba ya hana aiki. Iyayenmu ma suna cewa zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Don haka idan gardamar ta sake tashi a gidan kallo, ku tambayi mai cewa sa'a ce: wasa nawa aka buga, maki nawa aka tara, kuma ina 'yan wasan da kocin suka je daga baya? Mu dai a namu lissafin, ana iya cin wasa ɗaya da sa'a, amma ƙungiyar da ta fi kowa maki bayan wasa 38 ta cancanci kofinta. Muna fatan wata rana mu rubuta irin wannan labari a kan Katsina United.

Wanda bai yarda da mu ba, ya rubuto hujjarsa ya ba sakataren ƙungiya, za mu kafe ta a fitowa ta gaba in sha Allahu.

Daga Filin Wasanni, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta