Sanin Duniya: Gundumar San Diyego ta ƙasar Amurka

A kusurwar kudu maso yamma ta ƙasar Amurka, inda jihar Kaliforniya ta ƙare, akwai wata gunduma mai suna San Diyego. Daga yamma tekun Fasifik ya tare ta, da gaɓa mai tsawon wajen kilomita 110. Daga kudu kuwa ta yi iyaka da ƙasar Meksiko. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 11.700, wato bai cika sulusin jihar Maraɗi ba, amma ƙidayar shekara ta 2020 ta samu mutane miliyon 3 da dubu 300 a cikinta. Ita ce ta biyu wajen yawan jama'a a Kaliforniya, ta biyar a dukan Amurka.

Matafiyin da ya bar bakin teku da safe ya nufi gabas, kafin azahar ya ratsa ƙasa iri uku. Da farko sai filayen gaɓa, inda manyan garuruwa suke, ba zafi mai tsanani ba sanyi mai tsanani. Sa'an nan hanya ta fara hawa tuddai har ta kai duwatsu waɗanda mafi tsawonsu ya kusa mita 2.000, inda ƙanƙara kan sauka lokacin sanyi. A kan ɗaya daga cikinsu, dutsen Falomar, aka kafa babban madubin duban taurari a shekara ta 1948. Da an gangara bayan duwatsun sai hamadar Anza-Borego, ƙasar ƙaya da rairayi da zafi mai ƙuna. Ruwan da birnin San Diyego ke samu a shekara bai wuce wajen milimita 250 ba, bai ma kai na Tawa ba, kuma lokacin sanyi yake sauka, daga Nuwamba zuwa Maris. Idan kaka ta yi, wata busasshiyar iska da ake kira Santa Ana takan taso daga hamada ta busar da ciyawa ƙarau, wuta kuwa in ta kama ba ta jin kira. A watan Oktoba na 2003 gobarar daji guda ta cinye murabba'in kilomita sama da 1.000, ta ƙone gidaje fiye da 2.000, mutum 15 suka rasa rayukansu.

Masu ƙasar na asali su ne kabilar Kumeyay da maƙwabtansu, waɗanda suka zauna wurin dubban shekaru suna farauta da su da tattara ƴaƴan itace. Bature na farko da ya shigo mashigin ruwan shi ne Kabriyo, wanda ya zo da jiragen Sipaniya a watan Satumba na 1542. Sai a shekara ta 1769 Sipaniyawa suka kafa sansanin soja da gidan mishan, na farko a Kaliforniya. Kumeyay ba su karɓi abin hannu biyu ba: a 1775 suka tayar, suka ƙone gidan mishan ɗin. Amma cututtukan da baƙi suka kawo da aikin tilas suka rage su ƙwarai. Har yau akwai keɓaɓɓun yankuna 18 na kabilun asali a gundumar, ba wata gunduma a Amurka da ta kai ta.

Ƙasar ta koma hannun Meksiko lokacin da ta samu mulkin kai a 1821, sa'an nan yaƙin 1846 zuwa 1848 ya mai da ita ta Amurka. Yadda aka shata iyakar abin a tsaya ne a duba. Masu yarjejeniyar Gwadalufe Hidalgo sun ja miƙaƙƙen layi daga inda kogin Hila ya haɗu da kogin Kolorado, suka kai shi teku ƴan kilomita kaɗan kudu da mashigin San Diyego, domin tashar jiragen ruwa ta faɗa ɓangaren Amurka. Layin bai bi kogi ba, bai bi dutse ba, ya raba ƙasar Kumeyay gida biyu, wasu suka kwana ƴan Amurka wasu ƴan Meksiko. Mutanen Ƙonni da Illela ba sai an yi musu dogon bayanin irin wannan shata ba. A 1850 aka kafa gundumar, tana da girma ƙwarai har bakin kogin Kolorado. Daga baya aka yi ta yankarta, yanka na ƙarshe shi ne na 1907 da ya haifi gundumar Imferiyal.

Jirgin ƙasa ya iso a 1885, amma Los Anjeles ce ta kwashe cinikin. Abin da ya ɗaga San Diyego shi ne soja. Tun daga yaƙin duniya na farko rundunar ruwa ta Amurka ta mai da mashigin mazauninta, a 1942 kuma aka buɗe babban sansanin Fendilton a arewacin gundumar. Nan ne aka ƙera jirgin saman da Lindbag ya ƙetare tekun Atlantika da shi zuwa Faris a 1927. An yi zamanin da kamun kifin tuna ya ciyar da dubban iyalai, amma masana'antun cusa kifi a gwangwani sun rufe tun cikin shekarun 1980. Abin da ya maye gurbinsu ilimi ne. An kafa jami'ar jiha a 1960, likita Jonas Salk, wanda ya samo allurar rigakafin shan-inna, ya kafa cibiyar bincikensa kusa da ita, kamfanin Qualcomm mai ƙera kayan cikin wayar salula ya tsiro a 1985. Baƙi masu yawon buɗe ido suna kawo kuɗi masu yawa, manoma kuma suna noman fiya da lemo da furanni a kan tuddai.

Duk wannan arziki a kan ruwan aro yake zaune. Tun da daɗewa hukumomi suka san ruwan sama ba zai ishe su ba. A ƙarshen 1915 majalisar birni ta yi alkawarin biyan wani mutum mai suna Carles Hatfild dalar Amurka 10.000 in ya jawo ruwan da zai cika tafkin Morena. Ya hau aikinsa da hayaƙin magunguna, a watan Janairu na 1916 kuwa ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya, madatsar Otay ta fashe, gadoji suka tafi, mutane suka mutu. Majalisa ta hana shi kuɗinsa, ta ce in ruwan nasa ne to ɓarnar ma tasa ce. Magani na gaskiya ya zo a 1947, lokacin da aka jawo ruwan kogin Kolorado ta magudana mai tsawon ɗaruruwan kilomita. Daga nan gundumar ta saki jiki, har ya zama a 1991 kashi 95 cikin ɗari na ruwanta daga hannun hukuma guda ta Los Anjeles yake fitowa. A wannan shekarar fari ya tsananta, aka rage musu kusan sulusi.

Wannan wahala ce ta farkar da su. A 2003 suka ƙulla yarjejeniya da manoman kwarin Imferiyal, suna biyansu su tsimi ruwan ban-ruwa su sayar wa birni. A watan Disamba na 2015 aka buɗe ma'aikatar tace ruwan teku a garin Karlsbad, wadda ke iya fitar da lita wajen miliyon 190 kowace rana, abin da ya kai kusan ushirin bukatar gundumar. Ƙishirwa ta yi nisa, amma kuɗin ruwa ya hau ƙwarai, har manoman fiya da yawa suka sare itatuwansu domin gonar ba ta biyan ruwan da take sha. Kogin Kolorado kansa yana ja da baya: a 2021 gwamnatin tarayya ta bayyana ƙarancin ruwa a cikinsa, karo na farko a tarihi.

Sai maganar iyaka. Daura da gundumar akwai birnin Tihuwana na Meksiko, mai mutane kusan miliyon 2. Mashigar San Isidro da ke tsakaninsu tana cikin mafi cunkoso a duniya, motoci wajen 70.000 da masu tafiya ƙasa wajen 20.000 ke bi ta gaban ƴan duwan zuwa arewa kowace rana. Da yawansu ma'aikata ne da ƴan makaranta waɗanda tsadar haya ta sa suke kwana a Tihuwana su yini a San Diyego. Kamfanoni kuma suna tsara kaya a arewa, su ƙera su a kudu inda ladan ma'aikaci ke da araha. Mai takarda yana wucewa, in ya jure dogon layi. Marar takarda kuwa, tun da aka ƙarfafa shinge da tsaro a 1994, sai ya karkata gabas ta duwatsu da hamada, inda ƙishirwa da sanyin dare suka kashe mutane da yawa.

Akwai abin da shinge bai iya tarewa ba. Kogin Tihuwana yana tasowa ya ratsa birnin, ya ƙetare iyaka, ya faɗa teku a ɓangaren Amurka. Birnin ya girma fiye da magudanansa, ma'aikatar tace ƙazamin ruwa da ƙasashen biyu suka gina cikin shekarun 1990 ta gaza ɗaukar abin da ke zuwa mata. Daga ƙarshen 2021 an hana wanka a gaɓar da ke kusa da bakin kogin har kwana sama da 1.000 a jere, mazauna garin Imferiyal Bic suna kukan wari da ciwon ƙirji. Gwamnatocin biyu sun sa hannu a kan yarjejeniyar faɗaɗa ma'aikatar da gyaran magudanan Tihuwana, kowace da rabonta na aiki da na kuɗi.