Kai takwas a furosesa, amma waya na ɗaukewa: ina matsalar take?

A Kongolam, garin kan iyaka da ke ƙaramar hukumar Mai'adua a masarautar Daura, waya ba ta hutawa. Daga nan hanya ke ƙetarawa zuwa Damagaram, don haka mutane da yawa na riƙe da layi biyu, na Najeriya da na Nijar. Ɗan kasuwa na kiran WhatsApp, saƙon banki na shigowa, yana kuma danna kalkuleta don mayar da sefa zuwa naira. Nan ne za ka ji murya ta fara yankewa, fuskar waya ta ɗan tsaya. Sau da yawa sabis ne. Wani lokacin kuma laifin na cikin wayar ne, ko da an rubuta octa-core a kwalinta, wato furosesa mai kai takwas.

Kowace wayar Android na tafiya ne a kan kernel na Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991. Shi ke raba wa kawunan furosesa aiki. Duk lokacin da ka taɓa fuskar waya, ko wani guntun saƙo ya iso ta intanet, na'urar kan ƙwanƙwasa wa furosesa ƙofa, sai ɗaya daga cikin kawunan ya ajiye abin da yake yi ya amsa.

Ka ɗauki shingen kan iyaka misali. Idan jami'in da ke bakin ƙofa ya tsaya cike takardun kowace mota, layi zai kai Mai'adua. Dabara ita ce ya karɓi takarda ya miƙa wa na ofis. Haka kernel ke yi: yakan yi ɗan abin da ya zama dole nan take, sauran ya jera shi a layi sai an jima. Masu kwashe wannan ajiyayyen aiki sunansu kworker.

Tambayar ita ce, wane kai zai ɗauki aikin? Bisa al'ada, kan da ya karɓi saƙon shi ake bar wa. To idan shi ne ke riƙe da muryarka ko zanen fuskar waya fa? Fuskar da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa ba ta da fiye da milisakan 17 ga kowane hoto. In aka makara, idonka zai gani. Shi ya sa Linux ke da umarni irin su queue_work_on, wanda ke ba mai rubuta manhaja damar cewa: wannan aikin, kai na uku zai yi shi, a ƙyale na ɗaya.

Kawunan ma ba ƙarfinsu ɗaya ba. A 2011 kamfanin ARM ya fito da tsarin big.LITTLE, mai haɗa manya da ƙanana. Helio G85, da ke cikin wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa, manyan kawunansa biyu ne, sauran shida ƙanana ne masu tattalin batir. Android kan tura manhajojin da ke aiki a bayan fage zuwa ƙananan, ya bar wa wadda ke gabanka filin.

A masana'antu abin ya fi haka tsanani. Injin da ke yankan ƙarfe ba ya jiran uzuri, don haka akan ware masa kai guda, a kori sauran ayyuka daga kansa. Gyaran da ake kira PREEMPT_RT, wanda aka yi kusan shekara ashirin ana ginawa don irin wannan buƙata, sai a Linux 6.12 na Nuwamban 2024 ya shiga kernel gaba ɗaya. Wayarka ba ta kai nan ba, amma tunanin ɗaya ne: a yi aiki a kan lokaci, ba da sauri kawai ba.

Saboda haka, in za ka sayi waya, kada adadin kawuna ya ruɗe ka. Tambayi sunan furosesa, ka duba manyan kawuna nawa ne, sannan ko kamfanin na aiko da sabuntawa, domin ta nan gyare-gyaren kernel ke iso maka. A shago, kunna bidiyo kana sauke wani abu, ka ja fuskar sama da ƙasa. In ta yi tuntuɓe a gaban mai shago, a kasuwar Mai'adua ranar da aiki ya yi yawa ba za ta yi maka kara ba.