Iyaye Sun Ce a Ci Gaba, Likitoci Sun Ce Ya Isa: Wa Ke da Ta Cewa?

A ranar 11 ga Afrilun 2017, wani alƙalin Babbar Kotu a Landan, Mai shari'a Francis, ya ba asibitin yara na Great Ormond Street izinin cire wa wani jariri ɗan wata takwas na'urar da ke yi masa numfashi. Uwa da uba ba su yarda ba. Ba kuɗi suka rasa ba, don jama'a sun tara musu sama da fam miliyan 1.3 ta intanet. Ba a kuma zarge su da sakaci ba, alƙalin da bakinsa ya yaba da irin tsayuwar da suka yi a kan ɗansu. Duk da haka aka hana su ɗaukar jaririn, mai suna Charlie Gard, su kai shi Amurka neman magani.

Duk Bahaushen da ya ji wannan labari, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne: ina ruwan kotu da shiga tsakanin ɗa da mahaifi? Tambaya ce mai nauyi, kuma kotunan Ingila sun sha amsa ta, ba kullum da amsa iri ɗaya ba.

An haifi Charlie a watan Agustan 2016, lafiya lau a ido. Bayan 'yan makonni jikinsa ya fara saki, a watan Oktoba aka kwantar da shi. Cutar tasa ta gado ce, kuma ba kasafai ake samun irinta ba. A cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum akwai wasu ƙananan sassa da ke mayar da abinci ya zama ƙarfi. Nasa ba sa aiki, sai jikin ya zama kamar garin da ake ɗauke wa wuta unguwa bayan unguwa: tsoka ta daina motsi, ji ya tafi, numfashi ya gagara sai da na'ura. Iyayen suka gano wani likita a Jami'ar Columbia ta New York, Michio Hirano, wanda ke gwajin wani magani a kan wata cuta mai kama da wannan. Ba a taɓa gwada shi a kan irin ta Charlie ba, ko a jikin ɓera. Asibitin Landan ma ya fara shirin neman izinin gwadawa, sai a watan Janairun 2017 jijjiga ta yi ta kama yaron, likitoci suka ce ƙwaƙwalwarsa ta riga ta lalace, gwajin ba zai ƙara masa komai ba sai tsawon wahala.

Daga nan zance ya bar ɗakin jinya. Kotun Ɗaukaka Ƙara, Kotun Ƙoli, har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, duk suka goyi bayan asibiti. Fafaroma Francis ya yi magana, Shugaba Donald Trump ya ce Amurka a shirye take ta taimaka, ma'aikatan asibitin kuwa suka riƙa samun saƙonnin barazanar kisa. Sai a watan Yuli Hirano ya zo Landan ya ga yaron da idonsa a karo na farko, bayan an kwashe watanni ana shari'a a kan maganarsa. Da aka sake ɗaukar hoton tsokar jikin, iyayen suka janye ƙara a ranar 24 ga Yuli, suna cewa an ɓata lokacin da maganin zai iya yin amfani. Charlie ya rasu ranar 28 ga wata, saura mako guda ya cika shekara.

Irin wannan rigima 'yar zamani ce. Kafin a samu na'urar numfashi da sashen kula da masu tsananin jinya, yaro mai irin wannan cuta yakan cika a hannun uwarsa, a yi haƙuri, a yi addu'a, babu wanda aka ɗora wa yanke wata shawara. Yanzu na'ura na iya riƙe ƙirji yana hawa yana sauka watanni, har shekaru, ba tare da ta warkar da komai ba. Kuma riƙon ba kyauta ba ne ga jikin yaro. Akwai bututu a maƙogwaro, akwai zuƙe majina daga hanyar numfashi sau da yawa a yini, akwai allurai da ɗibar jini. Uwa tana ganin ɗanta ya motsa yatsa, ta ce ya ji muryarta. Ma'aikaciyar jinyar da ta kwana tana zuƙe masa majina tana ganin jikin da ake wahalarwa ba tare da ya iya kuka ba. Kowacce a cikinsu gaskiyar abin da ta gani take faɗa.

Dokar Ingila ba ta tambayar wa ya fi son yaron. Tambayarta ɗaya ce: mene ne maslahar yaron shi kansa? Dokar Yara ta 1989 ta sa wannan ma'auni a gaba da komai. Iyaye na da ikon yanke wa 'ya'yansu shawara, amma a matsayin amana, ba mallaka ba. Likita kuma ba a tilasta masa ba da maganin da ya yi imani cutarwa ce. Idan aka kasa daidaitawa, asibiti ne yawanci ke kai magana kotu, a naɗa wa yaron wakilinsa daban da na iyaye, alƙali ya auna amfanin ci gaba da jinya da nauyin da take ɗora wa yaron. Dokar ta kuma raba tsakanin janye na'ura da yi wa mara lafiya allurar mutuwa: na farko halal ne a wurinta idan maslaha ta nuna haka, na biyu kisan kai ne. Ya kamata a sani kuma cewa ana janye irin wannan jinya a asibitocin yara na Birtaniya a kai a kai da yardar iyaye, babu kotu, babu 'yan jarida. Waɗanda duniya ke ji su ne 'yan kaɗan da zancen ya lalace.

Bayan Charlie sai wani yaro, Alfie Evans, a asibitin Alder Hey na Liverpool. Hotunan ƙwaƙwalwarsa sun nuna cutar ta cinye mafi yawanta. Mahaifinsa ya je har wurin Fafaroma, Italiya ta ba yaron takardar zama ɗan ƙasa a ranar 23 ga Afrilun 2018 don a samu hanyar kai shi asibitin Bambino Gesù na birnin Rum, masu zanga-zanga suka yi yunƙurin kutsawa cikin asibiti. Kotu ba ta sauya ba. Aka cire na'ura a daren ranar, ya ci gaba da numfashi da kansa har zuwa 28 ga wata. Waɗannan kwanaki biyar sun ƙara wa mutane da yawa shakka game da maganar likitoci, ko da yake asibitin Rum ɗin ma bai taɓa alkawarin waraka ba, ci gaba da riƙe shi kawai ya yi tayi.

Shari'ar da ta fi kusa da zuciyar mai karatu Musulmi ita ce ta Tafida Raqeeb, kuma ita ce ta fi nuna yadda ma'aunin ke aiki. Yarinya ce 'yar gabashin Landan, iyayenta 'yan asalin Bangaladash. A watan Fabrairun 2019 wasu jijiyoyin jini suka fashe a ƙwaƙwalwarta, ta faɗi ba ta sake farfaɗowa sosai ba. Likitocin asibitin Royal London suka ce a janye na'ura. Mahaifiyarta, wadda lauya ce, ta samo asibitin yara na Gaslini a birnin Genoa na Italiya, wanda ya ce zai karɓe ta. Iyalin suka kuma gabatar da fatawar wata majalisar malamai ta Turai mai cewa zunubi ne babba su amince a cire mata na'ura.

A ranar 3 ga Oktoban 2019, Mai shari'a MacDonald ya ce a bar ta ta tafi. Mutane da yawa sun ɗauka addini ne ya yi nasara a kan likitanci, amma hukuncin ya fi haka zurfi. Likitocin Italiya ba su musanta na Landan ba a kan cewa ba za ta warke ba. Abin da ya raba shari'arta da ta Charlie shi ne hujjojin sun nuna da wuya a ce tana jin zafi, jikinta ya daidaita, tafiyar ba ta da wani babban haɗari, kuma akwai yiwuwar wata rana a yi jinyarta a gida. Da nauyin wahala ya yi sauƙi a ma'auni, sai sauran abubuwa suka samu wurin zama, ciki har da tarbiyyar Musulunci da ta taso a kai da darajar da addininta ya ba rai. Alƙalin bai ce iyaye ne ke da ta cewa ba. Ya ce ne a wannan karon abin da suke so bai saɓa wa maslaharta ba. A tsakiyar watan aka kai ta Genoa, kuma a farkon 2020 aka fitar da ita daga sashen tsananin jinya.

Su ma malaman Musulunci ba bakinsu ɗaya ba a kowane reshe na mas'alar, kuma ba yau suka fara duba ta ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman a 1986, ta ce idan ƙwararrun likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwa ta daina aiki gaba ɗaya ba dawowa, an mutu, kuma ya halatta a cire na'ura. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a 1987, ta halatta cirewar idan likitoci uku suka tabbatar, amma ta ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Wahalar ita ce Charlie da Alfie da Tafida duk ba su kai wannan matsayi ba. Suna tsakani ne, inda rai bai fita ba, lafiya kuma ba za ta dawo ba, nan ne fatawa da shari'a duka ke yin gumi.

A Amurka kuwa ba a cika zuwa ga alƙali tun farko ba. Jihar Texas ta yi doka a 1999 da ta ba kwamitin asibiti damar dakatar da jinya bayan wa'adin kwana 10, idan iyali ba su samo wani asibitin ba, aka tsawaita wa'adin zuwa kwana 25 a 2023. Wata jaririya mai ciwon zuciya a Fort Worth, Tinslee Lewis, wadda aka nemi cire wa na'ura a 2019, kotu ta dakatar da cirewar, har aka sallame ta zuwa gida a 2022.

Wanda ya bi waɗannan shari'u zai lura cewa tun kafin a je gaban alƙali an riga an yi asarar abu mafi tsada, wato yarda. Iyaye kan ce kullum sabon likita suke gani da sabon bayani, ko an faɗa musu magana mai nauyi a tsaitsaye, ko an riga an yanke shawara kafin a kira su. Daga ranar da uwa ta fara zargin an gaji da ɗanta, duk hoton ƙwaƙwalwar da za a nuna mata ba zai shiga ba. Kotu kuma ba ta gyara wannan, sai ma ta mayar da masu jinyar yaro ɗaya abokan gaba, ga asibiti da lauyoyinsa, ga iyayen Charlie da sai da lauyoyi suka tsaya musu kyauta. Mai shari'a Francis da kansa ya ce a riƙa gwada sulhu ta hannun mai shiga tsakani kafin a zo wurinsa. A watan Satumban 2023 Majalisar Nuffield mai nazarin ɗa'ar aikin likita ta miƙa wa gwamnatin Birtaniya rahoto a kan wannan matsala, inda ta fi ba da ƙarfi ga yadda ake magana da iyaye da kuma shigar da masu kula da sauƙaƙa raɗaɗi tun da wuri. Wata biyu bayan haka aka sake maimaita labarin da jaririya Indi Gregory a Nottingham: kotu, takardar ɗan ƙasa daga Italiya, rasuwa a ranar 13 ga Nuwamba.

A Nijeriya ma kotu na iya shiga tsakanin ɗa da mahaifi, ko da yake mutane ƙalilan ne suka sani. A 2019 Kotun Ƙoli, a shari'ar Esabunor da Faweya, ta goyi bayan likitan da ya ƙara wa jariri jini bisa umarnin kotu a Legas bayan mahaifiyarsa, mabiyar Shaidun Jehobah, ta ƙi. Kotun ta ce babba na iya ƙin magani don addininsa, amma ba zai yanke wa yaro wannan hukunci ba. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ma da maslahar yaro ta buɗe.

Sai dai rigimar da aka fi gani a asibitocinmu a juye take. Likita ne ke roƙon a bar yaro a kan gado, uba kuma yana neman takardar da zai sa hannu ya tafi da shi gida, don fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fitowa. Wani kuɗi ne suka ƙare. Wani kuma ya karanci fuskar likitoci ya gane babu sauran dabara, amma babu wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa da harshen da yake ji, sai ya ga gara yaron ya cika a ɗakin uwarsa. Sau da yawa a haka ake tafiya da yaro ba tare da ko maganin kashe zafi ba.

Duk uwa ko uban da ya samu kansa a wannan hali yana da haƙƙin ya nemi babban likitan da ke kula da ɗansa ya zauna da shi, ya tambaye shi kai tsaye: wannan magani warkarwa zai yi ko jinkirtawa, kuma yaron yana jin zafi? Yana da haƙƙin neman ra'ayin wani likita, da zuwa da malaminsa ko dattijon gidansu wurin zaman. Idan kuma shawara ta tsaya a kan komawa gida, kada a fita ƙofar asibiti sai an karɓi maganin raɗaɗi da bayanin yadda za a riƙa ba shi.